Yadda Ƙafafuna Suka Kumbura a Hanyar Maiduguri

Talata, daga Dilimi zuwa Bauchi

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito daga gidanmu na Dilimi, maigidana Malam Garba tela yana gaba da tocila, ni Asabe ina biye da kwalla a ka. Mai amalanke ya riga mu isa tashar hanyar Bauchi da buhun dankalin Turawa, tsarabar da mutumin Jos ba ya zuwa ko'ina sai da ita. Lokacin soja ke mulki, ana ta maganar sun kusa miƙa wa farar hula. Tsakiyar bazara ce, amma bazarar Jos, wadda da asuba sai ka ɗora suwaita.

Dalilin tafiyar, ɗiyata Hauwa da ke aure a Maiduguri ta haihu mako uku kafin lissafinmu, tun ba a kawo ta gida goyon ciki ba. Suna ranar Asabar. Na shirya kamar mai zuwa gasa, domin uwar mijinta, Hajiya Yalwa, ta zo Jos wajen biki da zobba har a babban yatsa, kuma ban manta ba. Na sa sabon takalmi mai maɗauri. Na kuma ɗauko munduwar azurfa da na gada wajen mahaifiyata, na shafa sabulu na tura ta a ƙafar hagu. Na yi tunanin ɓarawon tasha zai iya yanke jaka, amma ba zai tafi da ƙafata ba. Hikima ke nan irin tawa.

Motar ƙaramar bas ce, irin wadda ake kira kiya-kiya, direbanta wani mai suna Sale.

"Hajiya, ga kujerar manya," in ji shi, yana nuna mini bayan kujerarsa.

Ban je Makka ba a lokacin, amma a tasha duk mace mai kwalla Hajiya ce. Na zauna ina jin girma. Sai da muka wuce Naraguta na gane kujerar manya ita ce wadda inji ke ƙarƙashin gabanta. Aka cusa buhun dankalina a gefe, kwallata a cinya, ƙafafuna biyu a matse a wani ɗan rami da ko kaza ba za ta yi ƙwai a ciki ba.

Tun daga gida na yanke shawarar ba zan sha ruwa ba. Mace mai mutunci ba ta ce wa direba ya tsaya a gaban maza goma sha biyu ta shiga daji. Guzurina kilishi da soyayyar gyaɗa mai gishiri, abincin da ba ya lalacewa.

Kusa da Toro muka tarar da shingen bincike. Aka ce kowa ya sauko. Na fara yunƙuri, sai mai binciken ya leƙo ya ce, "A'a Mama, zauna abinki, ba ma wahalar da iyaye." Kowa ya sauka ya miƙe ƙafa ya sha iska, ni aka bar ni a kan inji saboda girmamawa. Na sa masa albarka.

Mil tamanin ne zuwa Bauchi, mun shiga ƙarfe takwas da rabi. Nan na tuɓe suwaita, kuma ban sake ganin amfaninta ba sai bayan kwana tara.

Daga Bauchi zuwa Fataskum

Ku mutanen Jos da kuke fifita da mafici kuna cewa yau ana zafi, ku ji tsoron Allah. Daga Darazo iskar da ke shigowa ta taga irin wadda ke fitowa daga tandar mai waina ce. Aka tsaya cin abinci ƙarfe goma sha ɗaya. Ban sauka ba, don kada a taɓa mini kwalla. Wata mai tallar ruwan randa ta miƙo mini moɗa ta taga, na ce na gode. Na ƙara kilishi.

Wajen azahar na ji takalmin nan ya fara cizo. Na ce halin sabon takalmi ne, na zagi mai kantin da ya sayar mini a zuciyata, har da danginsa.

Mun wuce Kari da kamar mil goma sha biyar motar ta yi tari, ta yi tururi, ta tsaya. Sale ya buɗe inji ya daɗe yana kallo kamar mai duban ƙasa.

"Direba, lafiya?" in ji wani dattijo.

"Ƙaramin abu ne, Baba, fambel ne. Minti goma."

Minti goman Sale sun kai mu har la'asar sakaliya, domin sai da ya hau wata babbar mota ya koma Kari neman fambel ɗin, wato bel ɗin da ke juya fankar inji. Muka zauna ƙarƙashin wata ƙaya mai inuwa kamar rariya. Da na zo saukowa daga mota na ji ƙafafun ba nawa ba ne. Na duba, sai na ga idon sawuna ya ɓace, duka biyun. Inda ƙashi yake da safe yanzu tudu ne sumul yana sheƙi, maɗaurin takalmi ya nutse a ciki kamar igiya a jikin buhu. Na ja zane na rufe. Na sami dutse na zauna, ƙafafu a rataye, na jira.

Mun shiga Fataskum ana kiran magariba. Sale ya ce fitilarsa ɗaya ce ke aiki, ba zai kai mu lahira ba, sai da safe. Maza suka nufi rumfar tasha, mu mata uku aka kai mu gidan wata mai tuwo, mace mai kirki, ta ba mu tabarma da buta. Na zo alwala takalmi ya ƙi fita. Mai tuwo ta kawo wuƙar yanka kuɓewa ta datse maɗaurin. Sabon takalmin da na saya don Hajiya Yalwa, rayuwarsa wuni ɗaya.

Mai tuwo ta danna yatsa a ƙaurina, wurin ya lotsa ya tsaya a lotse.

"Baiwar Allah, kin daɗe da wannan ciwon?"

"Ba ciwo ba ne, gajiya ce," na ce.

Na faɗa da ƙarfi, amma ni kaina ban yarda da maganar ba. Mahaifiyata da kumburin ƙafa ta fara. Ni na yi jinyarta, ni nake danna mata ƙauri haka ina kallon ramin yatsana, har kumburin ya hau ciki, numfashi ya gagara, ta rasu kafin damina. Na yi sallah a zaune, na roƙi Allah ko da wannan ce ya bar ni in ga jikana.

Laraba, Maiduguri

Da gari ya waye kumburin ya ragu, saboda na kwana a miƙe. Maimakon in gane darasin, sai na ce ai na warke. Na gwada zare munduwa da sabulu ta ƙi wuce diddige, na ce bari sai na isa. Mai tuwo ta ba ni wani tsohon silifa, na koma kujerar manya.

Muka tashi ƙarfe shida, Damaturu ƙarfe takwas, Maiduguri sha ɗaya da rabi. Surukina Audu ya tarbe ni a tasha, ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa ya faɗa kan ƙafafuna, ya yi sauri ya kau da kai kamar ya ga abin kunya.

Gidan yana unguwar Hausari. Hauwa lafiya, jariri lafiya, namiji, angona ja wur da shi. Hajiya Yalwa ta rungume ni, ta ja baya ta ƙare mini kallo.

"Oh, Asabe! Lallai dankalin Jos ya karɓe ki. Har a ƙafa kike ajiye ƙiba?"

Na yi dariyar da ta kamata.

Kwana biyun da suka biyo baya na yi duk abin da mai son ƙafarsa ta fashe zai yi. Safe da yamma ina tsaye a gaban tukunyar ruwan wankan jego, wuta a gaba, rana a baya. Na ƙi zama don kada a ce uwar mai jego ta zo hutu. Kuma Allah ya albarkaci gidan nan da likitoci, duk wadda ta shigo barka da takardar shaidarta a baki. Wata ta ce na taka sammu a tasha. Wata ta ce sanyin Jos ne zafin Barno ke korowa, ya taru a ƙafa yana neman ƙofa. Hajiya Yalwa, babbar likita, ta ce ruwa ne ya taru a jiki, saboda haka in rage shan ruwa, in dage da kunun kanwar mai jego, kanwa tana wanke komai. Na dage kuwa. Kwano guda da safe, kwano guda da yamma.

Ranar Alhamis da la'asar ƙafar dama ta zama taɓarya, ta hagu ta zama turmi. Munduwar da take karkaɗawa a Dilimi ta shige cikin nama, sai gefenta ake gani.

Juma'a, ranar maƙeri

Da hantsi Hajiya Yalwa ta sa aka kira wanzamin da zai yi wa jariri aski, ya duba ni. Ya tsuguna ya shafa ƙafar, ya jinjina kai.

"Mataccen jini ne, Hajiya. Tsaga uku-uku a kowane gefe, a kafa ƙaho, kafin Juma'a ta sauko kin miƙe."

Har ya fara kwance zabira, Hauwa ta fito daga ɗaki da jariri a kafaɗa. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a gaban uwar mijinta. Ta durƙusa ta kama yatsun ƙafata na hagu.

"Inna, kina jin hannuna?"

"Ina ji mana."

"Wane yatsa na riƙe?"

Ban sani ba. Na leƙa, sai na ga yatsun sun yi duhu, sun yi sanyi a garin da ko ruwan randa ɗumi gare shi.

"Ba wanzami za a kira ba, maƙeri za a kira," in ji ta. "A yanke munduwar nan."

"Ke, ta kakarki ce! Ita kaɗai ta bar mini."

"Inna, ni ban san kaka ba. Ke na sani." Sai hawaye. "Idan ba a yanke ba, wallahi gobe ba zan fito wajen suna ba."

Audu ya hau keke ya ɗauko wani tsohon maƙerin azurfa daga kasuwa. Tsohon ya tura ƴar fata tsakanin ƙarfe da nama, abin da ya sa na kira sunan Allah da murya irin wadda ban san ina da ita ba. Ya ɗauko magagari ya fara gurzawa a hankali. Matan gida suka kewaye mu. Kusan awa guda yana yi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ina kallon garin ƙarfe na zuba a tabarma ina tuna ƙafar mahaifiyata a ranar Sallah, da lalle, da munduwar nan tana walƙiya.

Can ya dakata, ya kanne ido, ya duba bakin yankan.

"Hajiya, wa ya sayar miki da wannan?"

"Gado ce. Azurfa ce tsantsa, tun zamanin haƙar kuza."

"To, azurfar dai a baya take, kamar ɓawon albasa. Ciki jan ƙarfe ne."

Hajiya Yalwa ta gyara zobbanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Allah sarki. Ai mutanen da ba su san ha'inci ba, komai aka ba su karɓa suke."

Mil ɗari uku da saba'in na yi dakon jan ƙarfe a ƙafa don tsoron ɓarayi. Da ɓarawon ya sace ta, shi zai kai ni ƙara. Maƙeri ya sa awartaki ya buɗe ta, jini ya komo cikin yatsuna kamar ana soka mini allurai ɗari. Na yi kuka, na yi dariya, ban san wanne ne na zafi wanne ne na mahaifiyata ba, wadda ta rayu ta mutu tana ɓoye abin nan a ƙasan adaka.

Aka yi suna ranar Asabar, yaro ya ci sunan kakansa, Abubakar. Na karɓi baƙi a zaune, da leshi a jiki da silifan wankan surukina a ƙafa. Hagu ta sami sauƙi, amma kumburin duka biyun yana nan, tsoron ma yana nan. Na ce gida zan koma. In mutuwa ce, gara ta same ni inda ake sanyi.

Alhamis, komowa

Ƙarfe biyar da rabi muka bar Maiduguri. Wannan karon na ce ba na son kujerar manya. Na sami bakin ƙofa, kusa da wata mata gajeriya mai tabarau. Muka gaisa, na ji Hausarta na san ƴar gida ce. Sunanta Rifkatu, nas ce, gidanta a Gada Biyu, ta je duba ƙaninta. Ba mu kai Beni Shek ba ta gama karanta ƙafafuna.

"Mama, tun yaushe ƙafan ka ya kumbura?"

A Jos ba a fushi don an ce wa mace kai. Na ba ta labari tun daga kilishi har kunun kanwa. Tana ji tana riƙe baki.

"Kanwa? Kwano biyu? Mama, kanwa da gishiri ai ɗan'uwa ne. Shi ne yana riƙe ruwa a jiki. Kuma ka ƙi shan ruwa?"

"An ce ruwa ne ya yi yawa."

"Wanda ya gaya maka, a wane makaranta ya yi karatu?"

Na ce a makarantar zobba. Ba ta gane ba, ni dai na ji daɗi.

Ta yi mini tambayoyi. Ina haki in na yi tafiya? A'a. Ina iya kwanciya rigingine ba tare da numfashi ya toshe ba? Ina iyawa. Fuskata na kumbura da safe? A'a. Kumburin na raguwa in na kwana? Yana raguwa. Ina da ciki? Na ce Sista, jika na je gani. Sai na gaya mata zancen mahaifiyata, abin da ban gaya wa ko Hauwa ba. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Na mamanka dabam ne, da alama zuciya ne ko ƙoda. Naka ya yi kama da zafi da dogon zama. Amma ba zan rantse a cikin mota ba. Ranar Litinin ka zo asibiti, a auna jini, a duba fitsari. In ka ga ƙafa ɗaya kawai ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya kama ka, kar ka jira Litinin."

Daga nan na shiga hannun hukuma. Ta miƙo mini goran ruwanta ta tsaya sai na sha. Ta karɓe ragowar gyaɗata ta rarraba wa fasinja. Kowane ɗan lokaci sai ta zungure ni, in juya idon sawu, in ɗaga diddige in sauke kamar mai taka keken ɗinki. A Damaturu ta sa na zagaya tasha sau biyu. A Fataskum da aka tsaya cin abinci ta shimfiɗa zanenta a inuwa, ta kwantar da ni, ta ɗora ƙafafuna a kan kwalla, sama da ƙirjina, jama'a na wucewa suna kallo.

Bayan Kari abin da na yi gudu ya zo. Na raɗa mata. Ta buga jikin mota da tafin hannu.

"Oga direba, tsaya! Mama zai yi fitsari!"

Mutuncin da na kusa ba da ƙafata don in tsare shi ya tafi a numfashi ɗaya. Aka tsaya. Abin mamaki, maza shida suka rufa mini baya, kowa ya nufi nasa daji da sauri. Ashe duk jira suke wani ya fara jin kunyar. Sau uku muka tsaya kafin Bauchi, ba wanda ya yi gunaguni.

Da muka fara hawan tudu bayan Toro, hadari ya haɗo, iska mai sanyi ta shigo. Na laluba kwalla na ciro suwaita. Na duba ƙasa, ga ƙashin idon sawuna na dama ya leƙo kaɗan, kamar baƙon da ba shi da tabbacin gidan.

Gida

Ƙarfe biyar da minti ashirin muka shiga tasha. Muka yi sallama da Sista, na ɗauki kwallata na taka zuwa Dilimi, domin ta ce in riƙa tafiya.

Ina shan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zazzaune sun yi jugum. Na ce shi ke nan, Malam ya rasu ina can ina fama da jan ƙarfe. Na sauke kwalla a tsakiyar hanya, na kasa gaba.

Maƙwabciyarmu ce ta fara ganina. Ta ƙwalla ihu, ta nuna ƙasa: "Biyu ne! Wallahi biyu ne!"

Ga yadda aka yi. Ranar da aka yanke munduwa, Audu ya ba wani direban babbar mota saƙo: a gaya wa Malam ƙafar Inna ta kumbura, an yanke munduwar, ta sami sauƙi. Direban ya kwana uku a hanya, ya sauke kaya a Laranto nan cikin Jos, ya bar saƙon wajen mai shayi. Mai shayi ya ba wani mai kai ɗinki. Kafin ya iso shagon Malam ranar Laraba, munduwa ta faɗi a hanya, saura ƙafa ta kumbura, an yanke, ta sami sauƙi. Jama'a sun zo jaje ne da sallama, gobe da asuba zai tafi ɗauko ni.

Malam ya fito daga zaure. A hannunsa akwai sabuwar sandar guragu, kafinta ya gama ta da rana, shi kuma ya ɗinka mata matashi na ƙyallen shadda a inda za ta shiga hammata. Ya tsaya yana kallona. Shekara ashirin da shida muna tare, bai taɓa ko riƙe hannuna a gaban mutane ba. Ya jingine sandar, ya tako, ya tsuguna a cikin ƙasa a gaban liman da kowa, ya dafa ƙafata ta dama, ya dafa ta hagu, ya sake dafa ta dama. Da ya ɗago sai ya share ido da hannun riga ya ce, "Wannan silifan na wane ne?"

Ranar Litinin na je asibiti, aka auna, aka duba, aka ce zuciya da ƙoda lafiya, jini ne ya ɗan hau, in rage gishiri. Kafin mako ƙafafuna sun koma nawa.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan ƙafa biyu. Ina gode wa mai tuwon Fataskum, da tsohon maƙeri duk da tonon asirin da ya yi mini, da Sista Rifkatu, da Hauwa wadda ta ɗaga murya a ranar da ya kamata. Hajiya Yalwa ma na gode, Allah ya ƙara ilimi. Mutanen Dilimi da suka zo jaje kuwa, na ga wasunku sun tashi kamar an ɗan rage musu labari. Ku yi haƙuri, ba da gangan na dawo da ita ba.